Kwalba uku muka shanye ni da Inna na maganin garkuwar jikin nan da Gwaggo ke sayarwa

Jama'a tun watan jiya nake cewa zan rubuta wannan abun amma nauyin Gwaggo ya hana ni, sai shekaranjiya da ƙawar maman yara ta turo min hoton kwalbar wai in duba mata ta saya wa mijinta ko kar ta saya, kuma ita ce mutum ta huɗu da ta tambaye ni a wata ɗaya, nace toh bari kawai in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta in huta. Ba zan kama sunan kamfanin ba don Allah kar a dame ni da tambaya, wanda ya san abun ya san shi, irin wanda ake sayarwa hannu da hannu ne kai ma ka kawo mutane a ƙarƙashinka kana samun maki, a jikin kwalbar an rubuta tiransifa fakta da manyan baƙi. Ni ba likita bane, aikin lab wato ɗakin gwaje-gwajen asibiti nake yi shekara goma sha ɗaya kenan, jini da fitsari da majina su ne abokan hirata, amma a gidanmu duk wanda ya taɓa saka farar riga likita ne, don haka Gwaggo tunda na fara aiki bata ƙara kiran sunana ba sai dai likita.

Yadda abun ya faro, lokacin hunturu ne Inna ta yi ta fama da mura da tari, wannan ya tafi wannan ya dawo, ga ta da ciwon suga shekara da shekaru, sai Gwaggo ta zo duba ta da jakarta ta hannu ta zaro kwalba ta ajiye a kan tabarma tace likita zo ka ga abinda Allah ya kawo mana, wannan ba magani bane irin naku na asibiti, wannan koya wa sojojin jiki yaƙi yake yi. Nace Gwaggo ranki ya daɗe wane sojoji, tace fararen ƙwayoyin jini mana, kai da kake ganinsu kullum zaka tambaye ni. Wallahi na yi dariya amma maganar ta ɗan kama ni, saboda ta faɗi wani abu da na san akwai shi a littafi, tace wani bature ne a Amurka ya gano shi a cikin fararen ƙwayoyin jinin mutum tun kafin a haife mu. Kuma gaskiyarta a nan, akwai baturen, akwai binciken. Ba a nan gizo ke saƙar ba, zan zo wajen.

Kwalba ɗaya N42,000 ta sayar min wai farashin gida ne, na ɗauki biyu na Inna sannan na ƙara ɗaya tawa don bana son in ba tsohuwa abinda ban ɗanɗana ba, kuɗin nan har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tsaya min a wuya don a watan na fasa canja tayar babur.

Bari in fara da abinda ya burge ni don kar a ce hassada ce. Kwalbar tsaf take, an like bakinta da kyau, akwai ranar ƙarewa da lambar rukuni kuma da na duba kwalabe ukun babu alamar an goge an sake bugawa, kwana biyu da biya kaya suka iso har ƙofar gida. Gwaggo kuwa wajen kula da mai saye ban taɓa ganin irinta ba, kullum bayan sallar asuba sai ta kira Inna ta tambaye ta Yaya kin sha, Yaya ya jikin, wani lokacin ta zo da kanta da ɗan lemo, abinda mu ma'aikatan asibiti ko rabinsa bama yi, majinyaci ya zo mu karɓi jini ko kallon fuskarsa bamu yi ba muce ya dawo ƙarfe biyu. Inaga rabin abinda ke sa mutane suce sun ji daɗin maganin nan kiran asubar nan ne, kuma ban faɗa da raini ba.

Ƙwayar kanta babba ce, Inna sai da ruwa kofi guda take iya haɗiye ta, in ka buɗe kwanson garin ciki launin madarar gari ne da ɗan ƙarni-ƙarni kamar an bar madara a kofi ta kwana. Satin farko cikina ya ɗan kumbura ina ta gyatsa, daga baya ya daina. Inna bata yi ƙorafin komai ba sai girman ƙwayar.

Toh ranar da na zauna na karanta bayan kwalbar da kyau, da gilashi don rubutun ƙanana ne kamar ƙafar kiyashi, sai na ga abinda ke ciki ashe dakashin saniya ne da gwaiduwar ƙwai. Dakashi dai da kuka sani, nonon farko mai kauri ruwan ɗorawa da saniya ke fitarwa in ta haihu. Babu farin ƙwayar jini ko ɗaya a ciki, ba na mutum ba ba na dabba ba. Na sake juya kwalbar na ga an rubuta da turanci cewa wannan abun ba a yi shi don gano cuta ko warkar da ita ko hana kamuwa da ita ba, su da kansu suka rubuta, amma a bakin masu talla kuwa har cutar kansa da ƙanjamau da rashin haihuwa yana yi.

Anan zan ɗan tsaya don wannan ne ainihin abinda ya sa na rubuta. Duk wanda ya taɓa shiga lab ya ga an juya jini a injin nan mai gudu ya san jini kashi uku yake rabuwa, ƙasa jajaye sun kwanta, sama ruwa ne garai launin ɗorawa, a tsakaninsu kuma akwai wani siririn farin layi kamar yadda maiƙo ke kwantawa a saman kindirmo, wani lokacin sai ka ɗaga kwalbar saitin taga kafin ka gan shi don bai kai kashi 1 cikin 100 na jinin ba. Wannan ɗan layin shi ne sojojin da Gwaggo ke magana, fararen ƙwayoyin da ƙwayoyin daskarar da jini duk a nan suke taruwa. Lafiyayyen babba yana da fararen ƙwayoyin nan tsakanin 4,000 zuwa 11,000 a cikin ɗan ɗigon da bai kai kan allura ba. Ranar da na fara ganin jinin mai sankarar jini a aiki layin nan ya yi kauri har ba sai an nuna maka ba, ogana na lokacin bai ce komai ba ya miƙo min kwalbar kawai, har yau ina ganin hoton a idona.

Baturen da ake ta ambata sunansa Sherwood Lawrence, likita ne a jami'ar New York, kuma abinda ya nuna a 1955 abu ne mai ban mamaki ko a yau. Kun san gwajin tarin fuka da ake yi a fatar hannu a jira kwana biyu zuwa uku a ga ko wajen ya tasa, toh shi sai ya ɗebi fararen ƙwayoyin jinin mutumin da fatarsa ke tasawa, ya farfasa su suka mutu murus, ya yi wa wanda fatarsa bata tasawa allurar ruwan, da aka sake gwada wancan sai fatarsa ta tasa shi ma. Wato kamar an kwashe karatun da jikin wani ya yi an zuba wa wani. Kafin shi a 1942 wasu masu bincike biyu Landsteiner da Chase sun yi irin haka a jikin dabbobin gwaji amma su da rayayyun ƙwayoyi suka yi, shi ya sa nasa ya tada ƙura, tunda matattun ƙwayoyi ne toh dole akwai wani sinadari a ciki da ke ɗauke da saƙon, sai ya raɗa masa suna tiransifa fakta, ma'ana abinda ke kai saƙo daga wannan zuwa wancan. Daga baya aka ga sinadarin ƙarami ne sosai don yana ratsa tankaɗen da manyan furotin basa iya wucewa. Yadda ake haɗa shi kenan har yau a inda ake yi, a tara farin layin nan daga jinin masu bada gudummawa, a daskarar a narkar a sake daskararwa har ƙwayoyin su fashe, a tace ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, abinda ya ratsa shi ake busarwa ko a zuba a kwalba.

Kuma ba wai tatsuniya bace gaba ɗaya, akwai gwajin da ya fito a 1980 akan yara 61 masu sankarar jini waɗanda basu taɓa yin ƙarambau ba, su kuma irin yaran nan ƙarambau na iya kashe su, aka ba wasu wannan ruwan aka ba wasu na bogi, a cikin waɗanda suka yi cuɗanya da mai cutar, 13 cikin 15 na ɓangaren bogi sun kamu, amma ɓangaren da aka ba na gaske 1 ne kawai cikin 16. Wannan sakamako ne da duk mai aikin lafiya zai ɗaga gira. Amma ku lura da kyau, an ɗebo ƙwayoyin ne daga mutanen da suka warke daga ƙarambau ɗin, allura aka yi musu, kuma cuta ɗaya tak aka nufa. Ba ƙwaya ɗaya bace da zata yi maganin suga da hawan jini da basir da sanyin mara lokaci guda.

Abinda ya kwantar da harkar abu biyu ne, na farko shekara da shekaru an kasa ware sinadarin a ce ga shi ga siffarsa yadda kowa zai yarda, kowane rukuni da aka haɗa yana iya bambanta da na baya tunda jinin mutane daban-daban ne, wani gwajin ya yi kyau wani ya fito fanko. Na biyu kuma ƙanjamau ya bayyana a farkon shekarun 1980 kowa ya tsorata da duk abinda aka haɗa daga jinin mutane. Amma bai mutu ba, a Meziko har yanzu ana yin wani irinsa mai suna Transferon daga fararen ƙwayoyin jinin mutum, babbar makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnatinsu ce ke haɗa shi kuma sunan Sergio Estrada Parra ne ke gaba a tarihin aikin, likitoci ke rubuta shi suna bin majinyaci. A ƙasar Cek an haɗa irinsa mai suna Immodin, a Kuba kuma Hebertrans. A Sin kuwa akwai wanda ake haɗawa daga saifar dabba har da ta alade, wannan na faɗa ne musamman don masu yin odar kaya ta intanet ba tare da karanta abinda ke ciki ba, suna ɗaya ne amma ba abu ɗaya bane, a dinga dubawa.

Toh kun ga inda matsalata take da abun Gwaggo, an ari sunan Lawrence da labarinsa an manna a jikin kwalbar dakashi. Masu kamfanin suna cewa ai saniya ma tana zuba irin wannan saƙon a dakashi don ɗanta, kuma eh dakashi abu ne mai daraja, ɗan maraƙi ana haifarsa ne kusan babu kariya don mahaifar saniya bata wuce masa da ita, a dakashi yake samu, kuma hanjinsa a buɗe yake na kusan awa 24 na farko kawai yana zuƙe kariyar yadda take, bayan nan ƙofar ta rufe. Kowane Bafulatani ya san maraƙin da bai sha dakashi ba wahala yake sha in ma ya rayu. Amma Inna ba maraƙi bace mai kwana ɗaya, tsohuwa ce ta haura sittin, cikinta narkar da furotin yake kamar yadda yake narkar da nama da wake. Iyakar abinda zan iya basu shi ne akwai ƴan ƙananan bincike akan masu wasannin motsa jiki da suka nuna dakashin saniya na ɗan rage yawan mura, ɗan ragewa fa, ba warkar da cutar kansa ba.

Gwaggo da na yi mata wannan bayanin sai tace likita kai dai ka zo taronmu ranar Asabar ka ji daga bakin manya. Na je don girmanta. Wani ɗakin taro ne na otal, an kunna na'urar sanyi an raba ruwan roba, mata sun fi yawa kusan duk sa'annin Gwaggo da ƴan matan da suka gama makaranta babu aiki. Wani mai kwat ya hau yana nuna hotuna a bango, ga hoton Lawrence ga hoton farin ƙwayar jini tana cinye ƙwayar cuta, yana cewa garkuwar jiki zata ƙaru da kashi ɗari kaza, lambar ma ta wuce hankali. Na ɗaga hannu nace malam don Allah wannan lissafin a jikin mutane aka yi shi ko a cikin kwalbar gwaji, sai yace tambaya mai kyau, mu haɗu bayan taro, bayan taro kuwa ko ƙurarsa ban gani ba. Sannan aka shiga shaida, wannan ta tashi tace ƙafarta ta daina ciwo, wancan yace yanzu yana bacci, ana tafi ana kabbara. Rabin lokacin da ya rage kuwa ba maganar lafiya aka yi ba sam, maganar maki ce da mota da tafiya Dubai.

Ita kanta kalmar ƙara garkuwa tana bani haushi, don garkuwar jiki ba tankin mai bane da za a ce a cika shi. Mai asma da mai borin jini garkuwarsu ce ta yi yawan zafin kai, mai ciwon suga irin na yara garkuwarsa ce ta cinye masa ƙwayoyin da ke yin insulin wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, wanda aka dasa wa ƙoda kuwa kullum sai ya sha maganin da zai danne ta in ba haka ba ta kashe ƙodar. Shi ya sa masu binciken gaske basa cewa ƙarawa sai dai daidaitawa, kuma suna gaya maka wace cuta, wane mutum, nawa za a ba shi, har zuwa yaushe.

Na yi wa kaina gwajin jini kafin in fara da bayan na gama kwalbar, farare 4,700 ne da farko, bayan wata ɗaya 4,500, wato babu wani abu, irin wannan hawa da saukar ko tsakanin safe da yamma ana samu. Kuma don adalci ƙirga su ba shi ke nuna ƙwazonsu ba, don haka ba zan ce gwajina ya ƙaryata kowa ba, na dai faɗa ne don wata a taron tace maganin ya ninka mata fararen ƙwayoyi, ni kuwa in na ga na mutum sun ninka haka kawai ba murna zan yi ba cewa zan yi ya je ya ga likita yau ɗin nan. Wani abu kuma da ya kamata mutanenmu su sani, mu ƴan Afirka ta yamma da yawanmu lambar wani nau'in fararen ƙwayoyin tana zama ƙasa kaɗan da ta turawa kuma lafiyarmu ƙalau, halitta ce, amma na ga masu talla suna karɓar takardar gwajin mutum su nuna masa lambar suce ka gani garkuwarka ta faɗi, sai ya tsorata ya saya.

Mura kuwa na yi ta a sati na uku ina tsakiyar shan maganin, da na gaya wa Gwaggo tace ai datti ne ke fita. Inna ita tarinta ya lafa wajen ƙarshen kwalba ta biyu, amma lokacin ma hunturun ya wuce zafi ya fara shigowa, kuma duk shekara haka take yi ko da magani ko babu.

Yanzu ga abinda ya sa raina ya ɓaci har na kusa yin abinda ban saba ba. Wata Juma'a na biya gida bayan masallaci na tarar da Inna a kwance tana ta shan ruwa, buta a gefenta, ƙanwata tace tun kwana uku take yawan zagawa da dare. Na ɗauko abin gwajin suga a jakata na tsira mata a yatsa, lambar da ta fito 19, mutumin da na saba gani tsakanin 7 da 8. Nace Inna kina shan maganinki kuwa, ta yi shiru tana gyara ɗankwali, sai da na matsa tace ai matar nan da ke sama da Gwaggonka ta zo tare da ita tace in rage na asibitin in bar sojojin su yi aikinsu, wai na asibiti yana kashe ƙoda, sai na koma shan rabi, daga baya na bari gaba ɗaya kwana tara kenan. Innalillahi. Wallahi hannuna rawa yake lokacin da nake neman adaidaita, mun kwana biyu a asibiti ana ƙarin ruwa ana daidaita sugan, Allah ya taƙaita.

Gwaggo ta zo asibitin tana kuka tace likita ka yafe ni wallahi ban ce ta daina ba, kuma na yarda da ita don na san halinta, amma tana zaune aka faɗa bata musa ba saboda ita ma haka aka koya mata. Na kira matar a waya nayi mata sallama cikin mutunci nace Hajiya ke kika ce mahaifiyata ta ajiye maganin suga, tace ita cewa tayi a rage a hankali in an ga sauƙi, kuma ai an rubuta a kwalba ba magani bane. Kun ji fa, lokacin sayarwa ya fi magani, lokacin da abu ya lalace kuma ba magani bane. Na nemi a karɓi wata sabuwar kwalba da Gwaggo ta riga ta kawo wa Inna ba a buɗe ba, aka ce ba a mayar da kaya sai dai in nemi wanda zan sayar wa, har da bani shawara wai in yi rajista kawai tunda ina da jama'a a asibiti.

Abun ya tuna min da labarin Kemron na Kenya a 1990, lokacin da cibiyar binciken lafiya ta ƙasar ta fito da wata ƙwaya da ake tsotsa a baki ta intaferon, wani sinadari da jiki ke fitarwa don yaƙar ƙwayoyin cuta, aka ce tana maganin ƙanjamau, har shugaban ƙasar na lokacin Moi ya yi shelarta, mutane suka yi ta tururuwa har daga Amurka, da aka zo aka yi gwaji mai kyau a Uganda sai aka ga babu wani amfani. Kuma abin haushin shi ne intaferon ɗin kansa magani ne na gaske, shi ma daga fararen ƙwayoyin jini aka fara samunsa da yawa. An gano shi a Landan a 1957, sai wani likitan Finland Kari Cantell ya shafe shekaru yana karɓar farin layin nan daga bankin jinin ƙasarsu yana zuba masa wata ƙwayar cuta don ƙwayoyin su fusata su fitar da sinadarin ya tace, kusan duk duniya wajensa ake nema, ƴan Kuba ma wajensa suka koyo suka haɗa nasu a 1981. Bambancinsa da tiransifa fakta shi ne shi an kama shi a hannu, an san siffarsa, a 1980 aka ciro ƙwayar halittar da ke yinsa aka fara sa bakteriya suna haɗawa, a 1986 Amurka ta amince da shi don wani nau'in sankarar jini, daga baya aka yi shekaru ana yi wa masu ciwon hanta allurarsa, kuma duk wanda ya sha allurar nan zai gaya maka zazzaɓi da ciwon jikin da take sawa ba wasa bane. Abu in yana taɓa garkuwar jiki da gaske jiki na sani. Yau an kai inda ake ɗibar fararen ƙwayoyin majinyaci a gyara musu halitta a lab a mayar masa su farauci kansar, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 2017 dala 475,000 aka sa masa, kuma a asibiti ake yi ana tsaye a kan mutum don abun na iya kai shi ɗakin kulawa ta musamman. Wannan duk zuriyar ɗan farin layin nan ne. Sai wani ya zo da garin dakashi a kwanso yace ai duk gidansu ɗaya.

In za a tambaye ni maki, kwalba da kai kaya da kulawar Gwaggo 4 cikin 5, abinda ke ciki in aka ɗauke shi a matsayin ƙarin abinci 2, don bai cutar da ni ba banda kumburin ciki amma N42,000 ƙwai kiret nawa ne da kifi da alayyafo, maganganun masu talla kuwa ko 1 ban basu ba. Mai shan maganin suga ko hawan jini ko na ƙanjamau ko tarin fuka don girman Allah ko zaka sha wannan kar ka ajiye naka ko na kwana ɗaya, wanda nono ko ƙwai ke sa wa borin jini kar ya kusance shi, wanda aka yi wa dashe ko mai ciki ya fara tambayar likitansa. Lambar NAFDAC da suke nunawa kuma a karanta abinda aka rubuta kusa da ita, rajistar ƙarin abinci daban rajistar magani daban. Ƙawar maman yara dai nace mata ta kai mijin a yi masa gwaji tukunna don ramar da ta kwatanta min da zufan dare da tari na wata biyu ba ta garin dakashi bace, majinarsa nake son gani.

Gwaggo har yanzu tana da katon guda a ƙarƙashin gado da ta saya don ta riƙe matsayinta, ranar ƙarewarsa na matsowa, ta daina zuwa taron amma bata daina kiran Inna da asuba ba, yanzu tambayar ta koma Yaya kin sha na asibitin. Makon jiya na je gaida Inna na ga kwalbar a kan kanta kusa da madubi gabana ya faɗi, na ɗauka na girgiza naji ƙara daban, na buɗe ashe kanwa ta zuba a ciki, tace murfin na rufuwa da kyau iska bata shiga, wai in ka gama da taka ma ka kawo min zan saka allura da maɓalli.